Takardar Da Ba a Karanta Ba

A daren 20 ga Afrilu, 2010, iskar gas ta ɓalle daga ƙarƙashin teku, ta hau bututu, ta kama da wuta a kan dandamalin haƙar mai da ake kira Deepwater Horizon, a Tekun Meksiko, kimanin kilomita 66 daga gaɓar Jihar Luwiziyana ta Amurka. Ma'aikata 11 suka rasa rayukansu. Bayan kwana biyu dandamalin ya nitse, ya bar bakin rijiyar a buɗe, a zurfin da ya kai mita 1,500, inda ba mahalukin da zai iya nutso ya isa. Na'urar da aka girka domin ta datse bututu in irin wannan ta faru, ita ma ta ƙi aiki.

Sai da mai ya yi kwana 87 yana bulbula kafin a toshe rijiyar. Gwamnatin Amurka ta ƙiyasta ganga miliyan 4.9 ne suka fito. An hana su a fiye da sulusin ruwan da ke hannun gwamnatin tarayya a tekun, masunta suka koma zaman kashe wando.

To, jama'a, abin da muka ga ya kamata mu tsaya a kansa shi ne takardar shiri. Doka ta wajabta wa kamfani ya rubuta yadda zai yi idan mai ya malala, kuma kamfanin BP ya rubuta nasa, shafi 582, hukuma ta amince a 2009. Da masifa ta auku aka buɗe shi, sai ga sunan walras cikin dabbobin da za a kare, wato wata dabbar ruwa mai haure wadda ba ta rayuwa sai a tekun ƙanƙara na can arewacin duniya. Cikin masanan da aka ce a nema da gaggawa har da wani shaihin malami da ya rasu tun 2005. Da 'yan majalisar Amurka suka duba na sauran manyan kamfanoni, sai suka tarar kusan duk kanwar ja ce, domin ɗan kwangila ɗaya ne ya rubuta musu.

Wanda duk ya taɓa zaman ofis ya san yadda fayil mai kauri yakan wuce daga tebur zuwa tebur, kowa na zaton wani ya karanta. A ganinmu, ma'aikacin da ya sa hannu a wannan takarda ya ɗauki amanar masuncin da bai taɓa gani ba, bai kuwa riƙe ta ba. An rushe hukumar daga baya, aka raba ayyukanta, don a da ita ke karɓar kuɗin mai, ita ce kuma mai sa ido. A 2016 kotu ta tabbatar da yarjejeniyar da BP zai biya dala biliyan 20.8.

Mu ma a Nijeriya muna haƙa a teku, akwai kuma hukumar NOSDRA da aka kafa a 2006 domin malalar mai. A Disamba 2011, kimanin ganga 40,000 suka tsiyaye a filin Bonga na kamfanin Shell, kilomita 120 daga gaɓa, ana cikin yi wa jirgin dakon mai lodi. Mutanen bakin teku suka kai ƙara Ingila, amma a 2023 kotun ƙoli ta can ta ce sun makara wajen shigar da ita.