Shafinka na kanka a intanet: kyauta ne, amma kowa na gani

A shirin da ya gabata wani ɗan kasuwa mai zirga-zirga tsakanin Illela da Konni ya yi tambaya: shin mutum zai iya mallakar shafin intanet nasa na kansa ba tare da biyan kuɗin wata ba? Amsa ita ce e, ta hanyar GitHub Pages.

GitHub wuri ne da masu rubuta manhajar kwamfuta ke ajiye aikinsu. An buɗe shi a 2008, kamfanin Microsoft ya saye shi a 2018. Kowane aiki yana da ma'ajiyarsa, kamar dai rumbu. Abin da ka zuba a rumbun, shi ne zai fito a shafinka.

Ga yadda ake yi. Da farko ka yi rajista a github.com da imel ɗinka, ka zaɓi suna. Sai ka buɗe sabuwar ma'ajiya, ka sa mata wannan sunan naka, ka ƙara .github.io a ƙarshe. Wannan shi ne adireshin shafin. A ciki ka buɗe fayil mai suna index.html, ka rubuta bayaninka, ka adana. Wani lokaci sai an jira kamar minti 10 kafin ya bayyana. Maɓallan da Turanci suke, don haka wanda bai saba ba ya nemi wani yaro ɗan makaranta ya taya shi, amma kalmar sirri ta zauna a hannun mai shafi.

Amfaninsa? Ko waya ta faɗi, ko layi ya daina aiki bayan ka tsallaka iyaka, shafin yana nan. Ƙungiyar makiyaya za ta iya sanya ranar taro ko ta rigakafin dabbobi.

To, sai dai a kula da abu biyu. Na ɗaya, dokar GitHub ta hana a mayar da shafin kantin saye da sayarwa, ko wurin karɓar lambar katin banki. Na gabatar da kai ne kawai.

Na biyu ya fi nauyi. Ma'ajiyar shafin kyauta a buɗe take ga duk duniya, kuma tana riƙe tarihin kowane gyara. Abin da ka goge yau, mai bincike zai iya tono shi gobe. Saboda haka, 'yan uwa, kada a rubuta inda ruga take, ko yawan shanu, ko ranar da za a tashi zuwa kasuwar Maigatari da kuɗi a jiki. Ɓarayin shanu ma suna da waya. Abin da ba za ka faɗa da ƙarfi a tsakiyar kara ba, kada ka sa shi a nan.

Mai ƙarin tambaya ya aiko mana, za mu amsa a shiri na gaba in Allah ya kai mu.