TSALLE TUN DAGA TAKUN FARKO AKE CIN SA

Yau na ɗan ajiye labarin soyayya a gefe, don ga lokacin wasannin inta-haus yana ƙaratowa, kuma akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Sau nawa za ki ga yarinya mai ƙarfi da gudu kamar barewa, amma da ta zo bakin layin tsalle sai ta daburce, ta taka layi, alƙali ya ɗaga jar tuta? Ta koma gefe tana sharɓar kuka, gidansu ya rasa maki. Wata ma daga ranar ta bar wasa ke nan har abada.

Jama'a, laifin ba na ƙafarta ba ne. Matsalar tun daga inda ta fara gudu take.

Bari in ɗauko misali daga wasan da ya fi kowanne wuya a wannan fanni, wato tsallen sanda, inda mutum ke rugowa da doguwar sanda ya kafa ta a ƙasa, ta cilla shi sama ya haye wani karan da aka gitta. Da can da gora ake yi, irin wadda muka sani, kafin a koma ta ƙarfe, sannan a shekarun 1960 aka koma sanda mai lanƙwasa. Mata ba su shiga wannan wasa a gasar Olamfik ba sai a 2000 a birnin Sidni, inda Stacy Dragila ta Amurka ta ci zinare da mita 4.60. Ba a jima ba Yelena Isinbayeva ta Rasha ta zama mace ta farko da ta haye mita 5 a London a 2005, ta kuma kai 5.06 a 2009. Kai! Ki kwatanta da tsayin katangar gidanku ki gani.

To, masu koyar da wannan wasa sun fi ɓata lokaci a kan gudun fiye da tashin. Dalili kuwa shi ne, akwai wani ɗan rami da dole bakin sandar ya faɗa ciki, kuma dole ƙafar tashi ta sauka daidai ƙarƙashin hannun sama. In ƙafa ta matso kusa da yawa, sandar ta fizgi kafaɗa. In ta yi nisa, ƙarfin ya tsiyaye, mai tsalle ta kasa kaiwa kan katifa. Shi ya sa gwanaye ke da adadin taku sananne, yawanci 16 zuwa 20, masu koyo kuma su fara da 6 ko 8. Ana ɗaga bakin sandar sama a farkon gudu, ana sauke shi sannu a hankali, a kafa shi a taku ukun ƙarshe.

Wannan ilimin shi ne dai na tsallen nesa da muke yi a makarantunmu. Ga yadda za ki yi, ƙanwata.

Da farko ki tsaya a kan layin tashi, ki juya wa ramin yashi baya, ki ruga da gudu kina ƙirga taku, a ce 12. Ƙawarki ta sa toka ko ɗan dutse inda ƙafarki ta sauka. Ki maimaita sau biyar ko shida, inda alamun suka taru nan ne mafarinki. Ki auna nisan da tafin ƙafa ki rubuta a bayan littafinki, don ko Gusau aka kai ku gasa ba za ki yi lalube ba.

Na biyu, kullum da ƙafa ɗaya za ki fara, da tsayuwa iri ɗaya. In yau dama gobe hagu, lissafi ya rushe.

Na uku, kada ki fita da dukkan ƙarfinki. Gudun ƙaruwa yake yi, ya kai ƙarshen zafinsa a bakin layi. Ki sa alama ta biyu saura taku 6, ƙawarki ta tsaya nan tana duba. In kin taka ta daidai, da wuya ki kuskure layi.

Na huɗu, kada ki sunkuyar da kai kina neman layi da ido. Malamar wasanninmu ta sakandare takan ce, "Ke ɗiyar nan, mi kike nema ƙasa? Kuɗi kika yas? Ɗaga kanki, ƙafa ta san hanyatta!" Gaskiyarta, don mai leƙen ƙasa rage gudu take yi ba ta sani ba.

Sai kuma iskar hunturu. In tana bugun fuskarki taku gajarta yake yi, sai ki ɗan matso da mafarinki gaba. In daga baya take turo ki, ki ja shi baya kaɗan.

Ina roƙonku don Allah, kada wadda ta karanta wannan ta ɗauki gora ta nufi katanga ko kwalbati. Tsallen sanda ba a yin sa sai da katifa mai kauri da malami a tsaye, in ba haka ba karaya ce ko abin da ya fi ta. Amma ƙirgen taku ba ya cin ko kwabo, fili da yashi da ƙawa ɗaya sun isa.

Kada ku ce wannan sai Turawa. A watan Agusta na 1996, wata biyu kafin a ƙirƙiro jiharmu ta Zamfara, Chioma Ajunwa, 'yar sanda 'yar Najeriya, ta ci zinare a Atlanta da mita 7.12, kuma a tsallenta na farko a zagayen ƙarshe ta yi shi. Ese Brume ta zo ta wuce ta da 7.17 a 2021. Su ma da ƙirgen taku suka fara.

Iyayenmu kuma, a yi haƙuri a bar yara su motsa jiki cikin shiga ta mutunci a filin makarantarsu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wadda ta gwada ta ga canji, ta rubuto mini ta wannan shafi in ji taku nawa ne nata.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Taku har kullum.