Gasket ba ya ƙonewa haka kawai

Duk mai bin hanyar Kano zuwa Zariya a watan Afrilu ya saba ganin mota a gefen titi, an ɗaga bonet, tururi na tashi, direba na fasa ledar fiya wata yana ɗura wa lagireto. Da injin ya ɗan huce sai a rufe bonet a ci gaba da tafiya. Bayan kwana biyu motar tana gareji, makanike ya leƙa ya ce, "Alhaji, gasket ya ƙone." Mai mota ya biya a sa sabo, kafin wata biyu ya dawo da ciwon jiya. Abin da ya faru yawanci shi ne an canja gasket, an bar abin da ya ƙona shi.

Inji ɓangare biyu ne aka kifa ɗaya kan ɗaya. A ƙasa akwai bulok, inda fistan ke hawa da sauka. A sama akwai abin da makanikai ke kira top silinda, mai ɗauke da bawul da fulogi. Gasket shi ne siririn faifan da ke tsakaninsu, kaurinsa bai wuce milimita 1 zuwa 2 ba. Aikinsa raba abubuwa uku da bai kamata su haɗu ba: wutar da ke tashi a cikin silinda, ruwan da ke sanyaya inji, da baƙin mai. Kowanne da hanyarsa, wani wurin ma tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai faɗin farce ba.

To ina ruwan turbo da gasket? Turbo farfela ce da hayaƙin salansa ke juyawa, fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, tana cusa wa inji iska da ƙarfi. Iska ta yi yawa, mai ya ƙaru, fashewar cikin silinda ta yi ƙarfi. Ta haka ƙaramin inji mai lita 1.5 ke jan motar da a da sai lita 2.4. Kamfanin Honda ya koma wa irin wannan inji a Accord ta 2018, Toyota kuma ta ajiye V8 ta sa V6 mai turbo biyu a Land Cruiser ta 2021. A ɓangaren dizal kuwa mun daɗe tare da su, a Hilux mai injin 2KD da Sharan mai TDI da ke jigilar fasinja. Irin waɗannan motoci ƙaruwa suke yi cikin 'yan Beljiyam da ke shigo mana, amma hannun da ke gyara su da yawa a kan Fijo 504 ya koyi aiki, wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun 1975. Ita 504 tana da haƙuri. Injin turbo ba shi da shi, don gasket ɗinsa kullum a matse yake tsakanin zafi da ƙarfin fashewa. Ga shi top ɗin na alminiyam ne, shi kuwa alminiyam idan ya ji zafi yana buɗewa kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe. Allurar zafi ta shiga ja sau ɗaya, direba ya ce bari dai in ƙarasa gari, top ya lanƙwashe, gasket ya saki.

Alamun ƙonewar gasket ba ɓoyayyu ba ne. Ruwa na raguwa kullum alhali ba a ga inda yake ɗiga ba. Farin hayaƙi mai kauri na fita ta salansa ko bayan inji ya yi ɗumi. Da safe motar na tashi tana rawa, sai bayan ɗan lokaci ta daidaita, saboda ruwan da ya tsiyaya cikin silinda da dare. Baƙin mai ya koma kalar shayi da madara. A injin turbo akwai wata alama da ke ruɗa mutane: motar lafiya lau a cikin gari, amma da an hau babban titi an taka ta, sai ta riƙa aman ruwa ta tankin roba, tiyon lagireto ya yi tauri kamar taya. Wannan iskar silinda ce ke ɗaga top ta kutsa cikin ruwa lokacin da turbo ya ɗauka.

A nan ne ya kamata mai mota ya riƙe aljihunsa tukuna, domin kowace alama a cikin waɗannan tana da mai kama da ita. Turbo da kansa idan ya lalace yana zuba baƙin mai cikin salansa, hayaƙi ya turnuƙe, sai dai shi yana ɗan shuɗi-shuɗi kuma yana warin mai. Kular baƙin mai idan ta huje tana gauraya mai da ruwa daidai yadda gasket ke yi, kuma canja ta bai kai rabin wahalar buɗe inji ba. A motocin dizal akwai wata kular ta hayaƙin da ake mayarwa cikin inji, ita ma tana shanye ruwa ta ba da farin hayaƙi. An sha sauke top lafiyayye saboda ɗaya daga cikin ukun nan.

Don haka a gwada kafin a kwance. Akwai wani ruwan gwaji mai launin shuɗi da ake zubawa a kwalba a ɗora a bakin lagireto inji na aiki. Idan hayaƙin silinda na shiga ruwa sai ya rikiɗe ya koma rawaya, a dizal kuma kore. Akwai agogon auna ƙarfin matsin silinda: idan biyu da ke maƙwabtaka suka faɗi tare, gasket ya tsage a tsakaninsu. Ko fulogi ma yana ba da shaida, don wanda ruwa ke wankewa za a gan shi fes kamar sabo a cikin 'yan'uwansa masu baƙi. Makaniken da bai yi ko ɗaya ba ya ce a sauke top, canke yake yi da kuɗinka.

Idan ta tabbata, sai inji ya yi sanyi ƙalau kafin a taɓa shi. Ana sassauta notocin top daga gefe zuwa tsakiya, kaɗan-kaɗan. Top ya sauka, sai a ɗora masa miƙaƙƙen ƙarfe a auna lanƙwasarsa. Injina da yawa ba su yarda ta wuce milimita 0.05 zuwa 0.1 ba, wato kusan kaurin gashin kai, abin da ido ba zai taɓa gani ba. In ta wuce sai a kai wa masu injin kankare fuska, a kuma duba ko top ya tsage, a duba fuskar bulok ita ma. Gasket na injinan yanzu falle-fallen ƙarfe ne aka jera, yana son fuska mai santsi, ba a goge masa wuri da sanfefa mai kaushi, ba a shafa masa gam. Na dizal kuma kaurinsa iri-iri ne, ana gane shi da yawan huji ko tsaga a gefensa, kuma ana zaɓarsa gwargwadon yadda fistan ya leƙo saman bulok. Wanda zai je kasuwar Ƙofar Ruwa ko Panteka sayen sabo ya tafi da tsohon a hannu, kuma kada araha ta ja shi.

Sai batun notoci, inda aka fi yin ganganci. A yawancin waɗannan injina notocin top miƙewa suke yi idan an ɗaure su, shi ya sa sau ɗaya ake amfani da su. Ana sa sababbi, a share ramukansu daga ruwa da mai, a ɗaure daga tsakiya zuwa gefe da sifanar awo, mataki-mataki, sannan a ƙara juyawa da adadin digirin da kamfani ya rubuta. Ƙarfin damtse da bututun da ake zura wa sifana ba awo ba ne. Bayan an haɗa, a juye baƙin mai da filta, a fitar da iskar da ta maƙale a hanyar ruwa.

Duk wannan aikin banza ne in ba a koma kan mai laifin ba. Fanka na tashi a kan lokaci? Famfon ruwa na turawa? Lagireto bai toshe da tsatsa da ƙurar hunturu ba? Murfin lagireto, ɗan abin da ba a kula da shi, shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa a digiri 100 sai ya kai wajen 120. In robarsa ta mutu, ruwa zai tafasa a rana irin ta Sakkwato ko Maiduguri. Ruwan rijiya da na famfo suna barin gishiri da tsatsa suna cin alminiyam, don haka ruwan lagireto na galan ba ƙawa ba ne. Al'adar nan ta cire tamostat da sunan wai na ƙasar sanyi ne, ita ma cuta ce: an yi injin ne ya zauna wajen digiri 90, kwamfutar motar kuma da wannan zafin take lissafin mai. Haka man bumburutu da aka gauraya, yana sa wuta ta tashi kafin lokacinta, ta riƙa dukan bakin gasket kamar guduma.

Kai kuma direba, ranar da ka ga allura ta doshi ja, ka sauka gefe ka kashe mota nan take. Kada ka buɗe murfin lagireto da zafinsa, kada ka sheƙa wa inji ruwan sanyi. Ka kira makanike ya same ka a wurin, ko a jawo motar.