Akwatin Gidan Waya: Lambar Da Muke Rubutawa Ba Mu San Ta Ba



A satin da ya wuce an ba mu aikin rubuta wasiƙa a darasin Turanci. Kusan kowa a ajinmu ya sa P.O. Box a saman takardarsa, ya ƙara wata lamba daga kansa. Da muka tambayi junanmu mene ne wannan akwatin, sai aka yi shiru. Wani ma ya zaci lambar wayar hannu ake nufi. Shi ya sa muka tambayi manya, ga abin da muka samo.

Akwatin gidan waya iri biyu ne. Akwai babban da kowa ke jefa wasiƙarsa ciki bayan ya sa ta a ambulan, ya manna kan sarki. Akwai kuma ƙananan da ke jere a bangon gidan waya, kowanne da lambarsa da makullinsa. Mutum yana biyan kuɗin haya, a ba shi makulli. Duk wasiƙar da ta zo da lambarsa, ma'aikata za su saka ta ciki, shi kuma ya zo ya buɗe ya ɗauka. Wannan na biyun shi ne P.O. Box. Manyan ma'aikatu da makarantu, irin Jami'ar Tarayya da ke kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, jaka guda ake ware musu saboda yawan wasiƙunsu. Ita ce P.M.B. Hukumar NIPOST, wadda aka kafa a 1985, ita ke kula da duka.

A finafinan Amurka muna ganin akwati a ƙofar kowane gida. Mu nan Gwandu da Kalgo ba haka muke yi ba. Gidaje da yawa ba su da lamba, kwatance muke yi: bayan masallacin Juma'a, kusa da mai shayi. Don haka a da, akwatin mutum ɗaya yakan zama na unguwa duka. Iyayenmu sun ce wanda ke ci-rani a Ikko sai ya rubuto ta akwatin makarantar firamare, hedimasta ya ba yaro ya kai gida, yaron kuma shi zai karanta wa tsofaffi. Asirin gidaje da yawa yana cikin 'yan aji shida na wancan lokacin!

Sunayen ma suna da labari. Me ya kawo waya cikin maganar wasiƙa? A gidan ne ake buga wayar tangaraho a zamanin Turawa, sai sunan ya bi shi. Kan sarki kuwa, hoton kan sarkin Ingila ne ke jikinsa a lokacin. Yau hoton ya canza, sunan bai canza ba. Amma kada a ɗauka Turawa ne suka koya mana wasiƙa. Tun zamanin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ana rubuta ta da Larabci a Gwandu, manzo ya kai ta bisa doki. Akwatin ne baƙo.

Ita kalmar akwati ba ta gajiya da aiki. Muna da akwatin lefe, akwatin zaɓe, akwatin rediyo da na talabijin. Yanzu ta shiga wayar hannu: wurin da saƙo ke sauka ana ce masa akwatin saƙo, haka ma na imel. Idan aka ce maka "duba akwatinka", ba gidan waya ake nufi ba.

Ga inda matsalar take. A jarrabawa, lambar ƙarya ba ta cutar da kowa. Amma nan gaba za mu cika fom na gaske, na neman makaranta ko tallafin karatu. Idan ka rubuta lambar da ba taka ba, ma'aikaci ba ya bin fuskarka, lamba yake bi. Takardarka za ta faɗa akwatin wani, kai kana gida kana jira har ranar ta wuce. Wanda gidansu ba su da akwati ya nemi izinin shugaban makaranta ya sa adireshin makaranta, ko ya rubuta kwatancen gida da lambar wayar mahaifinsa.

Mu ma 'yan kulob ɗin jarida mun tanadi namu akwatin, kwali ne da muka yanke wa baki. Ba ya buƙatar kan sarki. Ranar Alhamis muke buɗe shi.