Zamanin Kaset: Yadda Yaran Sabon Tasha Suka Haddace Gem

Duk wanda ya yi ƙuruciyarsa a Sabon Tasha, ko a unguwannin da ke kewaye da ita a kudancin kogin Kaduna, irin su Unguwar Boro da Narayi da Television, daga shekarun 1990 zuwa farkon wannan ƙarni, in aka ambata masa gem, abin da zai faɗo masa a rai shi ne wani ɗan akwatin roba mai hannu biyu da bindiga, wanda ake soka wayarsa a bayan talabijin, a yi ta murɗa tasha cikin hayaniya da yayyafin allo har Allah Ya sa hoton ya bayyana.

Asalin wannan na'ura daga Japan ne. Kamfanin Nintendo, wanda aka kafa a birnin Kyoto tun 1889 yana buga katin karta, shi ya fitar da ita a 1983 da sunan Famicom, sa'an nan a 1985 Shigeru Miyamoto ya zo da Super Mario Bros, watau wasan ɗan gajeren mutumin nan mai gashin baki da ke tsallake ramuka yana neman gimbiya. Amma fa, bisa ga haƙiƙa, akasarin abin da ya iso gidajenmu ba na Nintendo ba ne. Tun da aka shigo da tsarin SAP a 1986 darajar naira ta zube, ma'aikacin matatar mai ko na masaƙun Kakuri, wanda albashinsa da ƙyar yake kai ƙarshen wata, ba shi da ikon sayen na asali, sai fatake suka cike gurbin da na jabu, ƙirar Taiwan da Sin, masu sunaye irin su Terminator da PolyStation. A jikin kaset ɗinsu mai ruwan ɗorawa akan rubuta cewa akwai wasanni 9999999 a ciki, alhali kuwa 'yan ƙalilan ne aka yi ta maimaitawa, a sauya launi ko a sauya mafari. Ƙarya ce tsagwaronta, yara kuma sun sani, ba su dai damu ba.

Abin da ya kamata mai karatu ya lura da shi, domin a kansa dukan sha'anin ya ginu, shi ne cewa wannan na'ura ba ta riƙe komai. Ƙwaƙwalwar aikinta kilobait 2 ce tak, Mario gaba ɗayansa bai wuce kilobait 40 ba, wanda hoto guda na wayar yau ya ninka shi sau da yawa, kuma kaset ɗin da suka iso mana ba su da wurin ajiye inda mutum ya tsaya. Saboda haka yaron da ya shafe rabin yini yana fama har ya kai duniya ta bakwai, da zarar NEPA ta ɗauke wuta, ko adafta ta yi zafi uwa ta ce a kashe kada ta ƙone gida, ko uba ya dawo yana son labaran ƙarfe tara na NTA, to, dukan wahalarsa ta tafi, gobe sai ya koma mafari.

To, da yake na'urar ba ta iya hadda, sai yaran suka ɗauki haddar a kansu. Sun san bulon da naman kaza ke ɓoye a ciki, sun san cewa a mataki na biyu na duniyar farko in ka hau saman rufi ka yi gudu za ka tarar da bututu uku masu tsallakar da kai gaba, sun kuma san lokacin da kowane kunkuru zai ɓullo. Mafi daraja a cikin wannan ilimi shi ne sirrin wasan Contra: sama sama, ƙasa ƙasa, hagu dama, hagu dama, sa'an nan B da A, wanda ke mayar da rai uku su zama talatin. Wani ma'aikacin kamfanin Konami, Kazuhisa Hashimoto, shi ya ƙirƙiro shi a 1986 don ya sauƙaƙa wa kansa gwajin wani wasa mai suna Gradius, kuma babu littafi ko intanet da ya kawo shi Sabon Tasha, baki da baki ya iso, har yakan zo da isnadinsa, wane ya ji daga wansa, shi kuma ya gani a wurin wani ɗalibi da ya zo hutu daga Legas. Wanda ya riƙe irin wannan sirri yana da alfarma a tsakar gidan haya, ko da kuwa ba shi da na'urar, domin mai ita yana bukatarsa.

Ba dukan abin da aka ruwaito ne sahihi ba. Hura iska a bakin kaset in ya ƙi tashi, wanda kowa ya yi imani da shi, ba shi ke gyara ba; cirewa da mayarwar ce ke daidaita haƙoran tagullar, danshin baki kuwa tsatsa yake jawo musu. Bindigar harbin agwagwa ma, wadda muka ɗauka wani abu take harbawa, ido ne kawai a cikinta: in an ja kunamar, allo yakan yi baƙi na ƙiftawa guda, wurin agwagwar ya yi fari, ita kuma ta duba ko ta ga hasken.

Daga baya na'urar Sega ta shigo da wasannin Sonic da Mortal Kombat, gem ya fita daga ɗaki ya koma shagunan aski da rumfunan bakin hanyar Kachia, inda ake biyan 'yan canji, janareta na ruri a waje, doka kuma ɗaya ce, wanda aka ci ya miƙa hannun ga na baya. Iyaye da limamai da fastoci sun yi ta ƙorafi a kan kuɗin aike da ke salwanta da kuma makarantar da ake gudu, kuma ni a ganina ba su yi ƙarya ba. Sai dai a cikin waɗannan rumfuna, kafin rikicin Fabrairun 2000 ya sa jama'ar Kaduna suka rarrabu kudu da arewa, ɗan Bajju da ɗan Gbagyi da ɗan Ibo da Bahaushe kan zauna a benci guda, suna zagin juna da Hausa a kan wanda zai ɗauki Sub-Zero a Mortal Kombat.

PlayStation ta kamfanin Sony, wadda ta fito a Japan a ƙarshen 1994, ita ta sauya al'amarin bayan ta iso mana, domin ta zo da faifai maimakon kaset, da kuma ɗan katin ajiya da ke tuna wa mutum inda ya kwana. Da ita aka shiga zamanin Winning Eleven, ana zaɓen Najeriya saboda Kanu da Okocha da zinaren Atlanta na 1996, aka bar sirrin bulo da bututu aka koma gardamar ƙwallo. Wanda ya tono tsohon akwatinsa a yau zai tarar Mario yana nan yadda ya bar shi, amma bindigar agwagwa ba za ta yi aiki da shafaffen talabijin na bango ba, sai ya nemo mai ƙusumbi irin na da a wurin masu gyaran rediyo na kasuwar Sabo.