Mene ne haddin kashe kuɗi a asusun waya?

Haddin kashe kuɗi, wanda ake yawan ambato a labarai, shi ne iyakar abin da mutum zai iya fitarwa a yini guda daga asusunsa na waya, ko da kuwa dukiyar tasa ce halak malak.

A Nijeriya, Babban Banki ya kasa asusun waya daraja uku, gwargwadon sanin da aka yi wa mai shi. Bisa ƙa'idar 2017, mai daraja ta farko ba ya wuce naira 50,000 a yini, ajiyarsa kuma ba ta haura 300,000. Na biyu haddinsa 200,000 a yini, na uku miliyan 5. A Disamba 2023 aka sharɗanta wa na farko lambar BVN, wato shaidar banki, ko NIN, shaidar ɗan ƙasa, sauran kuwa sai da duka biyun. Hikimar ita ce toshe ƙofar zamba da safarar kuɗin haram, maslahar da babu mai musunta.

Sai dai nauyin ya fi sauka a kan manomin fadama mai jiran kuɗin shinkafarsa, da falken da ke sarin busasshen kifi a kasuwar Haɗejia, domin wanda ya gama ciniki, aka ɗaure kwalaye, aka kira mai mota, sannan waya ta ƙi biya, lalle ya shiga ƙunci alhali ba shi da laifi. Mai irin wannan mu'amala ya kai takardun shaidarsa a ɗaga darajar asusunsa tun kaka ba ta kama ba.