Yadda Sankarar Mama Ke Juya Sojojin Jiki

A cikin jikin ɗan Adam akwai fararen ƙwayoyin jini masu aikin tsaro. Daga cikinsu akwai nau'in da likitoci ke kira makarofaj, wanda wani masani ɗan ƙasar Rasha, Ilya Mechnikov, ya gano aikinsa a shekarar 1882. Su ne ke haɗiye ƙwayoyin cuta, su kwashe matattun ƙwayoyin jiki, su kuma taimaka wa rauni ya warke.

Sai dai bincike ya nuna cewa sankarar mama tana iya juya waɗannan sojoji su koma yi mata hidima. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari. Ƙarin yakan fitar da wasu sinadarai da ke kiran makarofaj, su kuwa su ɗauke shi tamkar raunin da ke bukatar jinya. Daga nan sai su taimaka wajen tsiro da sababbin hanyoyin jini masu ciyar da shi, su kashe kaifin sauran ƙwayoyin tsaro, sannan su buɗe wa cutar hanyar bazuwa zuwa hammata, ƙashi, huhu ko hanta. An lura cewa ƙarin da suka yi yawa a cikinsa yakan fi wuyar magani.

Wannan bayani yana da muhimmanci ga al'ummar Kademi da sauran garuruwan ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi. Ba kowane ƙullutu ne sankara ba, amma wanda yake sankara ba ya bajewa da kansa, kuma sau da yawa ba ya zafi da farko. Jinkiri ko yin sakiya na ba shi lokacin yin ƙarfi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 cutar ta kashe mutum 670,000 a duniya.

Saboda haka, duk macen da ta ji ƙullutu a mama ko hammata, ko ta ga jini na fita daga kan mama, ta hanzarta zuwa asibiti mafi kusa ko Babban Asibitin Gaya, inda za a iya tura ta Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano don cikakken gwaji. Ana kira ga magidanta su ba da izini da tallafi ba tare da ɓata lokaci ba, dagatai da masu unguwanni da limamai kuma su isar da wannan saƙo ga jama'arsu. Allah Ya ƙara mana lafiya.